Koren Kimonon Kakar Amarya

Tun da hoton nan ya shiga wayoyin mutane ban huta ba. A kantin maganin da nake aiki, a layinmu na Khalidiyya, har a harabar Harami bayan sallar Juma'a, sai wata ta riƙo mini gefen abaya ta ce, "Ummu Ammar, wai ke ce a cikin koriyar rigar nan ta 'yan Sin?" Na gaji da cewa ba Sin ba ce, Japan ce, na kuma gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye. To ga shi nan gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata.

Dalilin tafiyar ƙanena ne Nasiru, autanmu. Karatu ya kai shi Japan, ya gama, ya samu aiki a wani kamfanin injuna ya zauna. Rannan ya bugo wa Hajiyarmu a Kano ya ce ya samu matar aure, 'yar ƙasar. Sunanta Haruka, amma da ta musulunta ta zaɓi Maryam. Hajiya ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba, sannan ta kira ni nan Madina.

"Rabi, ƙafafun nan ba za su kai ni ba, kuma ke ce babba. Ki je ki gano mini mutanen nan da idonki. In na kirki ne ki kira ni in sa albarka. In ba haka ba ne, kada ki rufe ni."

Maigida, Abu Ammar, ya nemi ijaza, wato hutu, a jami'ar da yake koyarwa, ni ma na nema. Biza sai da ta kai mu Jidda sau biyu a jirgin ƙasa, don karon farko na bar takardar wurin aikina a kan firji. Tsaraba kuwa na haɗa dabinon ajwa, turaren wuta, da leshi. Hajiya ta aiko da kilishi ta hannun wata mai umra, ta ce a kai wa surukai.

Mun yi salla uku a zaune kafin jirgi ya sauke mu. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga, yana bin jakunkuna yana shinshina. Ya zo kan tawa ya zauna. Ni kuma na ja baya ina tattare abaya kada ya taɓa ni. Ma'aikacin kwastan ya buɗe jakar a hankali kamar mai buɗe kayan amarya, ya duba dabino ya mayar, sannan ya ɗago kilishin Hajiya. Nama ba ya shiga ƙasarsu, kuma an rubuta a takardar da aka raba mana a jirgi, ni ce ban karanta ba. Abu Ammar ya yi Turanci, ya yi Larabci, har da "a yi haƙuri" ta Hausa. Mutumin nan sai sunkuyawa yake yana ba mu haƙuri, kilishi na hannunsa. Shi ya ƙwace, shi yake ba da haƙuri. Ban taɓa ganin an raba ni da kayana cikin ladabi irin wannan ba, har na rasa da wa zan yi fushi.

Nasiru ya tarye mu, ya rame ya yi gemu. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa garin su Maryam, can cikin duwatsu. Jirgin cike yake maƙil, amma tsit kamar ana huɗuba. Sai ga kiran Hajiya. Wanda ya san Hajiya ya san kunnenta ya yi nauyi, don haka na ɗaga murya yadda na saba, na faɗa mata mun sauka lafiya, an karɓe kilishi. Ba wanda ya juyo ya dube ni. Wallahi da sun harare ni da ya fi mini sauƙi. Nasiru ya raɗa mini, "Yaya, a nan ba a waya a cikin jirgi." Na kashe, na zauna ina kallon takalmina har muka isa.

Masaukin da suka kama mana irin na gargajiyarsu ne. Ɗakin ba gado ba kujera, tabarma ce mai kauri daga bango zuwa bango, katifa sai lokacin kwanciya ake fito da ita daga kabad. Takalmi kuwa iri-iri: na shiga gida daban, na banɗaki daban, kan tabarma kuma ba a hawa da ko ɗaya. Sau biyu ana tare Abu Ammar a baranda da silifan banɗaki a ƙafarsa.

A nan na fara ganin Maryam. 'Yar siririya ce, da hijabinta ruwan toka, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, sannu da zuwa," da Hausar da Nasiru ya koya mata. Tun kafin mu zo ta rubuta wa mai masaukin duk abin da ba ma ci. Duk da haka da aka jera mana 'yan kwanoni sun fi goma, na ga kifi ɗanye an yanka shi fale-fale, ga ɗanyen ƙwai wai a fasa a kan shinkafa. Ni da nake wuni ina hana mutane irin wannan a bakin kanta. Shinkafar na ci gaya da ɗan gishiri, maigida kuwa ya koma wa dabinon tsaraba.

Bayan Maryam ta tafi Nasiru ya faɗa mini abin da ya ɓoye wa Hajiya. Mahaifiyar Maryam ta rasu tun tana ƙarama, kakarta ta wajen uba ce ta raine ta. Uban ya ce shi ba shi da ta cewa sai abin da tsohuwa ta ce. Tsohuwa kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ga shi biki saura kwana huɗu.

"Gobe da safe za ta zo gaishe ku," in ji shi. "Yaya, don Allah ki lallaɓa."

Da safe na ga an ajiye mana wasu riguna na auduga masu buɗaɗɗen gaba, irin waɗanda baƙin masauki suke sawa su fito cin abinci. Na ce bari in nuna wa tsohuwa na girmama al'adarsu. Na ɗora a kan doguwar rigata, na naɗe yadda hannuna ya ga dama, na ɗaure, na sa hijabi na fito.

Tana zaune a kan gwiwoyinta, 'yar ƙanƙanuwa, kanta fari fat, bayanta a miƙe kamar sanda. Na yi sallama na dafa ƙirji. Ta ɗago za ta gaishe ni, sai idonta ya tsaya a gaban rigata. Na ga jini ya bar fuskarta. Mai kawo shayi ta tsaya cak da tire a hannu. Maryam ta taso da sauri ta ja ni bayan ƙofa, tana kwance mini ɗamara.

"Yaya, ɓangaren hagu ne yake hawa kan na dama. Yadda kika yi, gawa kaɗai ake yi wa."

Ashe mijin tsohuwar bara ya rasu, kuma da hannunta ta naɗe masa rigarsa ta ƙarshe haka. Ku ƙaddara surukarku ta zo gaishe ku ranar farko sanye da likkafani. Da muka koma ɗakin, tsohuwa ta sha shayinta, ta yi mana godiyar zuwa, ta tashi ta tafi. Wunin ranar ban iya haɗa ido da Nasiru ba.

Washegari aka ce Kaka tana kirana gidanta, ni kaɗai, sai Maryam da za ta yi mana tafinta da Turanci. Na tafi da haƙurina a baki, na kwana ina shirya shi. Ko barina in fara ba ta yi ba. Ta ce wanda bai sani ba bai yi laifi ba, amma rigar ta tuna mata tambayar da ta kasa yi wa Nasiru, don yaro ne, ba a yi wa ango irin wannan tambaya.

"In jikata ta mutu, ina za ku kai ta?"

Na dubi Maryam, na zaci kuskuren fassara ne. Kanta na ƙasa.

Tsohuwa ta yi mini bayani dalla-dalla. Su in mutum ya mutu ƙona shi ake yi. Bayan wuta ta lafa dangi su kewaye, su tsince ƙasusuwan da tsinke biyu irin na cin abinci, su zuba a tulu, a kai kabarin gida inda iyaye da kakanni suke. A nan mijinta yake, a nan uwar Maryam take, nan ita ma za ta. Ta tanadar wa jikarta wuri a gefenta, sai ga shi an ce mata Musulmi ba a ƙona su.

Na taɓa jin ana ƙona gawa a wasu ƙasashe, amma ban taɓa zama gaban wadda ta tsinci ƙashin mijinta da hannunta tana faɗa mini cikin natsuwa ba. Tsigar jikina ta tashi. Abin da ya ƙara girgiza ni shi ne, tun daga Madina nake zaton baƙar fatarmu ce ko abincinmu ko nisan ƙasarmu ke damun matar nan. Ashe kabari ne.

Na ce ba zan yi mata ƙarya ba. Za a yi wa Maryam wanka, a naɗe ta da farin ƙyalle, a yi mata salla, a sa ta a ƙasa a duk garin da ajali ya same ta. Ba za ta kwanta kusa da Kaka ba.

"To wa zai riƙa zuwa wurinta?"

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin Babanmu ba. Aikin Hajji ya zo, ya rasu a Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Kaburburan can ba suna ba rubutu, dutse ne kawai a kan tudun ƙasa, ga su nan iya ganinka. Ban san wanne ne nasa ba, kuma mata ba ma shiga. Duk Juma'a ina tsayawa daga bayan katanga in yi masa sallama in yi masa addu'a. Hajiya kuma tana Kano, ba ta taɓa ganin wurin ba, amma ba ta taɓa idar da salla ba ta ambace shi ba.

Maryam ta gama fassarawa. Tsohuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ba ki san inda yake ba, amma kina zuwa." Na ce ina zuwa.

Ta dafa tabarma ta miƙe, ta ce mu biyo ta. A ɗakin ciki akwai wata doguwar durowa ta katako. Ta riƙa jawo aljihunanta tana fito da kimono, wato doguwar rigarsu ta siliki, kowacce a naɗe cikin farar takarda. Kusan dukkansu kore ne. Ta ce tun tana yarinya launinta ke nan.

Mu dai muna da kore, da tsanwa, da algashi, in abu ya kai maƙura mu ce kore shar. Su kowane kore da sunansa da lokacinsa da shekarun mai sa shi. Ta nuna mini wani mai haske kamar tohon ganye bayan ruwan farko, ta ce wannan na 'yammata ne, ana sa shi lokacin da sanyi ya wuce, yana nufin abu ya fara. Akwai mai launin garin shayinsu, na macen da ta natsu. Ta ce a zamanin da babu ganye ɗaya da ke ba da kore, sai an tsoma zare a baba, sannan a sake tsoma shi a ruwan ɗorawa na wata ciyawa. Na ce mata kakana marini ne a Kano, na san warin baba tun ina ƙarama. Karon farko ke nan da na ga haƙoranta.

Daga ƙasa ta fito da wata mai duhu, koren da ya kusa komawa baƙi. Daga gwiwa zuwa ƙasa an zana rassan wani itace da suke kira matsu, mai ganye kamar allura. Ta ce duk itatuwa suna zubar da ganye in ƙanƙara ta sauka, ban da shi, shi ya sa ake sa korensa ranar aure, fatan zama ya ɗore. A bayan wuyan rigar akwai ɗan farin tambari kamar kwabo, alamar gidansu.

"Wannan 'yar'uwa ta jini ce take sa ta a biki," in ji ta. "Jikata ba ta da ya. Ke za ki sa."

Maryam ta rufe baki da hannu. A nan na gane tsohuwa ta ba da amsar da ake jira.

Sai dai murnata ba ta je ko'ina ba, don da aka zo gwaji Kaka ta kama wuyan rigar ta ja shi baya. Wai kwalliyar kimono a ƙeya take, a ɗaure gashi sama a bar bayan wuya a buɗe. Na riƙe hijabina na ce wannan kam ba zan iya ba. Jiya na yi ɓarna, yau kuma ina mayar da kyauta. Ta dubi baƙin hijabin, ta dubi rigar, ta ce baƙin nan ba zai hau koren nan ba. Ta naɗe rigarta ta mayar cikin takarda, ta sallame mu.

A hanya na ce wa Maryam na sake ɓatawa ko? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Da la'asar na kira Hajiya, na ba ta labari tun daga rigar gawa har zuwa tambayar kabari, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Matar da ke tunanin makwancin jikarta tun yanzu ba za ta wulaƙanta ɗan wani ba. Ba ni Nasiru." Na miƙa masa waya. Ya juya mana baya yana ta cewa amin, kafaɗunsa na motsi.

Ranar biki da safe aka ɗaura aure a wani ɗan masallaci a birnin da ke kusa, hawa na biyu a saman wani kanti. Abu Ammar ya karɓa wa Nasiru, liman ya yi wa Maryam walicci. Muna dawowa aka ce in je gidan Kaka. Na tarar da koriyar rigar a rataye, a gefenta kuma ga wani mayafi na siliki mai launin tohon ganye, da ɗinkin hannu a tsakiyarsa, ƙanana kamar ƙwayar gero.

Maryam ce ta yi mini bayani. Rigar budurwa a wurinsu hannayenta dogaye ne har kusan idon sawu. In ta yi aure sai a rage su. Wannan mayafin hannayen rigar 'yammatancin Kaka ne, da aka yanke lokacin aurenta, ta adana su tun daga ranar. Su ta farke ta haɗa ta ɗinka mini.

Na rungume mayafin a ƙirjina. Kaka kuwa ko a jikinta, sai cewa ta yi koren yara ne, bai dace da shekaruna ba, amma tunda a ka zai zauna ba komai.

Sa rigar kanta wani aiki ne. Mata biyu suka kama ni kusan awa guda. Mu da muke ɗinki don ya fito da siffa, su sai da suka cusa mini tawul a ƙugu don jiki ya miƙe sambal kamar turmi. Igiya kan igiya, sannan ƙatuwar ɗamara mai ruwan zinariya da suke kira obi, suka ja ta har na ji haƙarƙarina na ƙara. Taku sai ɗan ƙanƙani kamar mai ciwon ƙafa. Azahar a kan kujera na yi ta. Abincin bikin kuwa ba zan iya ba ku labarinsa ba, don loma uku ɗamarar ta bari ta wuce. Kaka ta fito cikin baƙar kimono, wai ita ce shigar uwar amarya. Kullum cikin baƙar abaya nake, amma uwar biki cikin baƙaƙen kaya ban taɓa gani ba. Ta kama hannuna ta zaga da ni tebur-tebur tana faɗin kalma ɗaya. Na tambayi Nasiru me take cewa, ya ce, "Yayar amarya." A nan aka ɗauki hoton da kuka gani.

Ranar da za mu taho ta rako mu tasha da sandarta. Jirgi ya kusa, sai ta jawo Maryam ta ce ta fassara.

"Kin ce wanka ake yi mata. Mu ba mu iya ba. Wa zai yi?"

Na ce mata Musulmi 'yan'uwanta, duk inda take ba za a rasa ba.

"Ba na son baƙi su taɓa ta. Ke nake so."

Na ce, "Kaka, ai na girme ta nesa ba kusa ba. In an bi shekaru ni zan riga ta."

"Kina da 'ya mace?"

Na ce ina da Safiyya, tana jami'a.

"To ki koya mata."

Na ce na ɗauki alƙawari. Sai da jirgi ya tashi, ina hango ta tana sunkuye a bakin tasha, na tuna ban taɓa wanke gawa ba a rayuwata. Ko ɗakin da aka kwantar da mamaci ba na iya shiga.

Mako biyu da dawowarmu na nemi Hajiya Fanna a unguwar Ranuna, wata dattijuwa 'yar Chadi da ta daɗe tana wankan mata saboda Allah. Na faɗa wa Safiyya alƙawarin da na ɗaukar mana. Haihuwar Madina ce, in na yi mata Hausa da Larabci take amsawa. Ta ce, "Ummi, ana khaifa," wato tsoro take ji. Na ce ni ma haka. Muka fara zuwa duk Talata, Hajiya Fanna tana koya mana da matashin kai da tsohon zanin gado.

Talatar da ta wuce muna isa ta ce mu ajiye jakunkuna, yau ba matashi. Wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, mai aikin gida, ta rasu ba ta da kowa a garin nan. Muka bi ta ɗakin wankan da ke jikin masallaci. Hajiya Fanna tana wankewa, Safiyya tana zuba ruwa, ni na tallafe mata kai. Ba mu san ta ba, sunanta ma a takarda muka gani. Muka taje mata gashi, muka yi mata kitso uku, muka sa kafur, muka naɗe ta.

Sai da muka fito rana na tsaya a jikin mota na kasa buɗe ƙofa. Safiyya ta karɓi makullin motar daga hannuna, ta ce mini da Hausa, "Ummi, zauna. Ni zan ja."